Ta yaya zan gane buƙatar jama'a daga labaran yankinmu?

"Malam, barka da aiki. Mu wasu matasa ne da muka kafa ƙaramar ƙungiyar sa-kai, muna son yin aikin da zai amfani mutanen yankinmu. An ɗora mini nauyin bin jarida da rediyo na wata guda, in kawo jerin matsalolin da za mu zaɓa daga ciki. Na bi, amma abin da na tara bai wuce cacar bakin 'yan siyasa, da bikin buɗe wani gini, da labarin sata da haɗarin mota ba. Ta yaya mutum zai gane ainihin abin da jama'a suka rasa daga irin waɗannan labarai? Ko dai ba nan ya kamata in duba ba?" Daga wata mai karatu.

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. In na fahimce ki, tambayoyi biyu kika haɗa a ɗaya. Ta farko, shin labaran yanki suna nuna halin da jama'a ke ciki kuwa? Ta biyu, in ba sa nunawa duka, ta wace hanya za a ci moriyarsu? Na daɗe a teburin labaran yanki, na fara da ɗauko rahoto, daga baya na koma tace na wasu, kuma abin da zan gaya miki a can na koyo shi. Wurin da kika duba daidai ne. Wata guda ne ya yi kaɗan, sannan kin tsaya a kanun labari, alhali abin da kike nema yakan ɓuya can ƙasa.

Yadda abu ke zama labari

Sai kin san ƙofar da labari ke bi ya shiga jarida kafin ki san abin da ake bari a waje. Ɗan jarida yana da yini ɗaya, wani lokaci ma rabin yini, ya cike gurbin da aka ba shi. Don haka yakan nufi inda ya san ba zai dawo hannu rabbana ba: ofishin 'yan sanda, kotu, majalisar ƙaramar hukuma, taron da aka gayyace shi, da takardun sanarwa da hukumomi da kamfanoni ke aikowa a shirye. Duk waɗannan wurare ne da ke da mai magana da yawunsu. Ƙungiyar da ke da shugaba da lambar wayar ɗan jarida, kukanta yana fita. Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, da mai lalurar da ba ya iya fita, da ma'aikacin dare da ke barci lokacin da ake taro, da baƙon da bai iya harshen wurin ba, babu wanda ke rubuta musu sanarwa.

Abu na biyu, jarida tana son abin da ya faru yau. Famfon da ya shekara biyar ba ya kawo ruwa ba labari ba ne a idon edita, sai ranar da mutane suka tare hanya saboda shi. Ke nan matsalar da ta fi daɗewa, wadda jama'a suka gaji har suka saba da ita, ita ce ta fi wuyar shiga shafi.

Ga kuma ƙarancin hannu. A Amurka, inda ake bin lissafin abin sosai, masu bincike a jami'ar Northwestern sun nuna cewa jaridu sama da 2,500 sun rufe tun daga 2005, kuma gundumomi fiye da 200 ba su da wata kafar labarai tasu. Inda jaridar ta rayu ma, sau da yawa mutum biyu ke aikin da goma suka saba yi. Idan hannu ya yi kaɗan, sanarwar hukuma ce ke cike shafi, domin ita ce ba ta buƙatar a fita a taka ƙasa. Abin da kika tara a watanki ke nan, ba laifinki ba ne.

Abin da ya dawo sau uku

Babban makamin da na sani shi ne maimaici. Ruwa ba ya tsami banza. Labari ɗaya na iya zama tsautsayi, amma in abu iri ɗaya ya dawo a wuri ɗaya, ko ya faɗa wa mutane iri ɗaya, akwai dalili a ƙasa.

Bari in ba ki abin da ya faru a gabana. A cikin shekara guda mun buga gajerun labaran gobara uku daga unguwa ɗaya, kowanne bai fi sakin layi huɗu ba, kuma mutum daban ne ya rubuto kowanne. Kanun duka ukun kan asarar dukiya ne. Ina tace na ukun sai idona ya tsaya a jimlar ƙarshe, inda wani maƙwabci ya ce 'yan kwana-kwana sun zo amma sai da suka ja tiyo daga nesa. Na ji kamar na taɓa karanta wannan magana. Na sa aka ɗauko mini tsofaffin bugu, sai ga ta a labarin farko da na biyu, kowanne a layin ƙarshe, wurin da muke fara yankewa in shafi ya cika. Washegari na je da kaina. Kwalbatin da ke bakin shiga unguwar ya rufta rabi, an jera duwatsu a gefensa don kada yara su faɗa. Ƙaramar mota tana lallaɓawa ta wuce, babbar mota ba ta iyawa. Wata mata da ke zaune daf da wurin ta ce mini ai ba motar kashe gobara kaɗai ba, ko mai naƙuda sai an tallabo ta zuwa bakin titi. Sau uku muna ba da labarin wuta, ashe labarin na kwalbati ne.

Irin wannan yana faruwa a manyan ƙasashe ma, da muni fiye da haka. A Birtaniya, tsakanin 1999 da 2015, an gurfanar da masu kula da ƙananan gidajen waya sama da 900 bisa zargin sata ko ha'incin lissafi, alhali manhajar kwamfuta mai suna Horizon ce ke nuna giɓin kuɗin da babu shi. Jaridun garuruwa sun riƙa buga labarin kowane mutum shi kaɗai, a matsayin wanda ya ci amana. Da yawansu sun ce in sun kai kuka sai a gaya musu su kaɗai ne ke da wannan matsala. Sai a 2009 mujallar Computer Weekly ta haɗa labaran wasu daga cikinsu wuri ɗaya, siffar abin ta fara bayyana, aka kuma ƙara shekara goma kafin wata babbar kotu a 2019 ta tabbatar da cewa manhajar tana da kurakurai. Kowane guntu yana cikin jarida tun da wuri. Wanda zai jera su ne aka rasa.

To, ki samu littafi, ko shafin lissafi a kwamfuta in ya fi miki sauƙi. Ki koma baya aƙalla shekara guda, don ki ratsa damina da rani, lokacin makaranta da lokacin hutu, domin wasu matsaloli da yanayi suke zuwa. Kowane labari ki rubuta ranarsa, da wurin da abin ya faru daidai, da waɗanda ya shafa, da wanda aka ji ta bakinsa, da abin da hukuma ta ce za ta yi. Sai ki ware gurbi na musamman don maganar da aka yi a wuce, irin ta maƙwabcin nan. Labarin haɗarin mota da kika raina, in kin jera goma kika ga shida a mahaɗa ɗaya ne, ko yawancin waɗanda aka kaɗe ɗalibai ne da safe, kin riga kin sami aiki. Labarin sata ma haka: me ake sacewa, da wane lokaci, a layin da ke da fitila ko wanda ba shi da ita?

Idan jama'a sun ce akwai, hukuma ta ce babu

Wata alamar da ba na wasa da ita ita ce saɓani tsakanin abin da mazauna wuri ke faɗa da abin da ofis ke faɗa. A garin Flint na jihar Michigan ta Amurka, an sauya tushen ruwan sha zuwa kogin garin a watan Afrilun 2014 don rage kashe kuɗi. Nan da nan mutane suka fara kuka da launin ruwan da warinsa, wasu na zuwa taro da kwalabe a hannu, jami'ai kuma suna nanata cewa ruwan lafiya lau yake. Jaridar garin tana buga ɓangarorin biyu. A watan Oktoba na shekarar, kamfanin motoci na General Motors ya daina amfani da ruwan a masana'antarsa saboda yana cin ƙarfen injuna. Ruwan da ke cin ƙarfe, mutane suka ci gaba da sha kusan shekara guda bayan haka. Ba a sa masa maganin hana cin bututu ba, sai dalma ta riƙa narkewa daga tsofaffin bututu tana shiga gidaje. A Satumban 2015 wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta fito da alƙaluman da suka nuna dalma ta ƙaru a jinin yaran garin, sannan a watan da ya biyo aka mayar da garin kan ruwan birnin Detroit, wanda yake sha a da.

Darasi biyu nake ɗauka daga nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In mutane da yawa da ba su san juna ba suna kuka iri ɗaya, ki rubuta shi a littafinki ko da an musanta. Na biyun ya fi ɓuya: ki lura da abin da masu hali ke yi wa kansu. In kin karanta cewa manyan ma'aikatu suna haƙa rijiyarsu, ko suna ɗaukar masu gadi na kansu, ko masu kuɗi suna kwashe 'ya'yansu daga wata makaranta, to sun ga abin da talaka ba shi da hanyar guje masa. Irin wannan labari yakan fito a shafin kasuwanci, ba a shafin ƙorafi ba.

Ƙananan gurabe

Kada ki tsallake wuraren da mutane ke tsallakewa. Wasiƙun masu karatu da shirye-shiryen kiran waya a rediyo su ne inda mutum ke magana da bakinsa ba tare da ɗan jarida ya tace ba, ko da yake masu kira kaɗan ne ke maimaita kansu, sai ki ƙirga mutane, kada ki ƙirga kira. Neman taimakon kuɗin magani in ya yawaita kan cuta ɗaya, yana gaya miki abin da asibitocin wurin ba sa iyawa. Sanarwar gwanjon gidaje da shari'un haya suna nuna inda bashi ya shaƙe mutane. Tallan neman ma'aikaci da ke dawowa wata bayan wata yana nufin ko babu masu wannan ƙwarewa, ko aikin ba ya zaunuwa.

Shi kansa bikin buɗe ginin da kika ambata yana da amfani. Ki rubuta alkawarin da aka yi a wurin da ranar da aka ce za a cika. Bayan wata shida ki je ki leƙa: an sa ma'aikata, akwai wuta da ruwa, ƙofa a buɗe take? Jarida kan halarci yanka kintinkiri, ba ta cika komawa ba. Ƙungiya irin taku za ta iya komawa. A jihar Rajasthan ta Indiya, a tsakiyar shekarun 1990, wata ƙungiyar leburori da manoma da ake kira MKSS ta riƙa samo takardun biyan kuɗin ayyukan gwamnati tana karanta su a bainar jama'a a ƙauyuka. Mutane suka riƙa jin sunayen matattu a cikin waɗanda aka ce an biya, da ayyukan da aka ce an gama alhali ba a yi ba. Wannan gwagwarmaya tana cikin abin da ya haifar da dokar 'yancin samun bayanai ta ƙasar a 2005. Ƙasashe da yawa yanzu suna da irin wannan doka, ki bincika ko taku tana da ita, domin tana ba ɗan ƙasa damar neman takardar kasafi da ta kwangila a rubuce.

Wuraren da ba a ambata

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi wuya, kuma a ganina ya fi kowanne muhimmanci. Bayan kin cika littafinki, ki shimfiɗa taswirar yankinku, ki ɗiga alama a duk inda labari ya fito. Za ki ga wasu unguwanni sun cika da ɗigo, wasu fari fat. Sai ki sake dubawa: akwai unguwar da ba ta fitowa sai in an yi kisa ko kame? Sannan ki duba jerin waɗanda aka ji ta bakinsu. Mata nawa ne, tsofaffi nawa, masu buƙata ta musamman nawa, 'yan haya nawa? Farin wuri a taswira ba ya nufin lafiya. Sau da yawa yana nufin babu mai zuwa.

A Landan, wata ƙungiyar mazauna benen Grenfell ta yi shekaru tana rubuta ƙorafi a intanet kan haɗarin gobara a ginin, har a Nuwamban 2016 ta yi gargaɗin cewa sai wani babban bala'i ya auku kafin a saurare su. Gargaɗin bai samu shiga manyan kafafen labarai ba. Ranar 14 ga Yunin 2017 benen ya kama da wuta, mutum 72 suka rasu. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, domin na san sau nawa takardar ƙorafi irin wannan ta zo teburina na ture ta gefe saboda ba ta da labarin yau a ciki.

Akwai masu aikin jarida da suka juya tsarin don maganin wannan shirun. A Detroit, wata 'yar jarida, Sarah Alvarez, ta kafa wata kafar labarai mai suna Outlier Media a 2016. Maimakon ta zauna ta yanke abin da ya kamata mutane su sani, sai ta duba bayanan kiran da jama'a ke yi wa layin neman agaji na 211, ta ga batun gida da kuɗin wuta da ruwa suna kan gaba. Sai ta buɗe hanyar saƙon waya, inda ɗan haya zai aika adireshin gidan da yake ciki a gaya masa ko ana bin gidan bashin haraji, ko yana cikin haɗarin gwanjo. Ku ma kuna iya aron dabarar: ku tambayi waɗanda jama'a ke kai wa kuka kai tsaye, kamar ma'aikatan jinya, malaman makaranta, da masu ba da agaji, wace tambaya ce aka fi yi musu wadda ba su da amsarta.

Matsala daban, buƙata daban

A nan na taɓa yin kuskuren da har yau yake damuna. Mun buga rahoto cewa mata masu juna biyu a wani yanki ba sa zuwa awo a ƙaramin asibitin da ke kusa da su. Wakilinmu ya ji ta bakin jami'i ɗaya, wanda ya ce rashin wayewa ne, ni kuma na bar maganar ta wuce haka. Wata ƙungiya ta karanta, ta kashe kuɗinta da lokacinta wajen gangamin wayar da kai. Bayan watanni na aika wata abokiyar aiki ta zauna da matan. Suka ce sun san amfanin awo sarai. Ana yin sa ne rana ɗaya a mako, da safe, daidai lokacin da suke wurin neman abinci, kuma in ka je sai ka yini a layi a tsaye, babu ko benci. Abin da suke buƙata shi ne a ƙara rana, ko a buɗe da yamma, a kuma sa wurin zama. Rahotonmu ya gano matsalar daidai, ya ɓata buƙatar, kuma mutanen kirki suka bi mu suka ɓata.

Saboda haka duk abin da littafinki ya nuna miki, ki ɗauke shi a matsayin zato mai ƙarfi, sannan ki je. Gani ya kori ji. Ki zauna da mutum goma ko sha biyar da abin ya shafa, ba shugabanninsu kaɗai ba. Kada ki tambaye su ko suna son abu kaza, domin kowa zai ce yana so. Ki tambaye su yadda suka yi a karo na ƙarshe da abin ya same su: wa suka nema, nawa ne lokacin da ya ci musu, me suka haƙura da shi. Dabarar da mutane suka ƙirƙira don su rayu da matsala, kamar duwatsun nan na gefen kwalbati, ita ce ke nuna girman ramin. Ki kuma tambaya ko wani ya taɓa gwada gyarawa, da abin da ya hana. Wani lokaci za ki tarar akwai hukumar da aikin ke wuyanta, har da kuɗin da aka ware, abin da ya rage kawai a matsa mata. A irin wannan hali, takarda mai hujja da sa hannun mazauna wuri ta fi ku tara kuɗi ku yi aikin da ba naku ba.

Iyakar abin da zan iya ba ki

Wannan hanya tana da inda ta tsaya. Matsalolin da kunya ke rufewa, kamar duka a cikin gida, cin zarafin yara, taɓin hankali da shaye-shaye, ba sa fitowa a jarida daidai da yawansu, kuma ba a shiga cikinsu da littafi da biro kawai. In kun doshi wannan fanni, ku nemi waɗanda suka ƙware a kai su ja ku, don kada ku jefa wanda kuke son taimako cikin haɗari. Haka kuma yawan labari ba shi ne yawan aukuwa ba: wani lokaci ɗan jarida ɗaya ne ke zaune a unguwar, shi ya sa take yawan fitowa. Ki kuma san mai kowace kafa da wanda ke ba ta talla, domin akwai inda ba za ta taɓa ba, sai ki haɗa kafa biyu ko uku. Ni ɗan jarida ne. Zan iya nuna miki inda hayaƙi ke fita, amma in maganar ta kai ga ingancin ruwa, ko ƙarfin gini, ko yaɗuwar cuta, sai an kira mai gwaji ya auna.

Idan kin koma wurin 'yan ƙungiyarku, ki roƙi ƙarin wata biyu. Kada ki kai musu jerin matsaloli ashirin. Ki kai uku, kowace da ranakun labaran da suka nuna ta, da wurinta a taswira, da abin da mutanen wurin suka gaya miki da bakinsu, da ofishin da alhakin ya rataya a kansa. A ciki ki tabbata akwai aƙalla ɗaya daga unguwar da ba ki ga sunanta a jarida ko sau ɗaya ba.